Daga Dinariyus Zuwa Liyari: Tarihin Sulallan Azurfa da Matsayinsu a Fiƙihu, Tare da Waiwaye Kan Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sulen azurfa na daular Rum, wanda ake kira dinariyus, tun daga ƙirƙiro shi har zuwa lalacewarsa, sannan ta nuna yadda sunansa ya shiga littattafan fiƙihu. Daga nan ta waiwayi sulallan azurfa da suka yi yawo a ƙasar Gumel, wato liyari da dala da sule, ta auna su da ma'aunin Shari'a. Matsayar maƙalar ita ce, sunan kuɗi ba ya tabbatar da abin da ke cikinsa. Don haka malamin da zai yi fatawa a kan zakka ko rikazi ko musayar azurfa yana da buƙatar sanin tarihin sulen da aka ajiye a gabansa.

1.0 Gabatarwa

Masana harshe sun nuna cewa kalmar "zinariya" ta samo asali ne daga kalmar Larabci "dinar". Su kuma Larabawa sun karɓo ta ne daga Rumawa, waɗanda ke kiran wani sulensu da suna dinariyus. Abin lura a nan shi ne, shi wannan sule na azurfa ne tun asalinsa. Ke nan sunan da Bahaushe ke kiran zinari da shi a yau, sunan wani ɗan ƙaramin sulen azurfa ne da aka fara bugawa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci dinari a aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana, ya ambaci dirhamai a aya ta 20 ta Suratu Yusuf, ya kuma ambaci kuɗin azurfa a aya ta 19 ta Suratul Kahfi. A ƙissar Ashabul Kahfi, masu tafsiri sun kawo cewa kuɗin da saurayin ya miƙa wa mai sayar da abinci su ne suka tona al'amarinsa, domin mutanen birni sun ga tambarin wani sarki da ya daɗe da shuɗewa, har suka zaci ya haƙo wata binnanniyar dukiya ce. Da yawa daga cikinsu sun kira wannan sarki da suna Daƙyanus, wanda masana tarihi ke dangantawa da Disiyus, sarkin Rum daga 249 zuwa 251 Miladiyya. Ko da an bar batun tantance sarkin ga Allah Masani, ƙissar ta nuna cewa sule yana ɗauke da shaidar zamaninsa a jikinsa. Fannin da ke karanta wannan shaida shi ne Larabawa ke kira ilmin nummiyyat.

2.0 Dinariyus: Tashinsa da Faɗuwarsa

Rumawa sun fara buga dinariyus a wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a tsakiyar yaƙinsu da Hanibal na Kartaja, birnin da kufansa ke gefen Tunis a yau. Ma'anar sunan ita ce "mai goma", domin yana daidai da sulalla goma na tagulla. Nauyinsa na farko ya kai kimanin giram 4.5, azurfarsa kuma kusan tsantsa ce. Daga baya ya daidaita a kan kimanin giram 3.9, ya kuma zauna haka tsawon shekaru masu yawa, har aka yarda da shi nesa da iyakokin daular. An haƙo tarin sulallan sarki Agustus da na Tibiriyus a kudancin Indiya, inda fatake ke kai su don sayen masoro da sauran kayan yaji.

A shekara ta 64 Miladiyya sarki Niro ya rage nauyinsa zuwa kimanin giram 3.4, ya kuma surka azurfarsa da jan ƙarfe. Wannan ƙofa da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba, domin duk sarkin da albashin sojoji ya yi wa nauyi sai ya ƙara surki. A zamanin Sabtimiyus Sabirus (193–211), wanda haifaffen Labda ne a gabas da Tarabulus ta Libiya, azurfar da ke cikin dinariyus ta koma kusan rabi. Ɗansa Karakala ya fito da wani sabon sule a shekara ta 215, wanda ake ɗauka a matsayin dinariyus biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikin wannan sabon sule ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba: jan ƙarfe ne aka shafa wa ruwan azurfa. Jama'a suka ɓoye tsofaffin sulalla masu kyau, farashi ya yi ta hauhawa, har sarki Diyokilishiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi a shekara ta 301, ita ma ba ta yi tasiri ba.

Wanda ya maido da aminci ga kuɗin daular shi ne Ƙusɗanɗin, wanda ya tsayar da sulen zinari mai nauyin kimanin giram 4.5 a farkon ƙarni na 4. A yankunan gabas na daular sai sunan dinariyus ya koma kan sulen zinari, kuma da wannan ma'ana Larabawa suka karɓe shi. Sunan ya rayu, amma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya sauya.

3.0 Tara Sulalla da Karanta Su

Sha'awar tara tsofaffin sulalla daɗaɗɗiya ce. Marubucin Rum Suwitoniyus ya ambaci cewa Agustus yakan yi kyauta da sulallan tsofaffin sarakuna da na baƙin ƙasashe a lokacin bukukuwa. A ƙarni na 14 mawaƙin Italiya Fetararka ya tara sulallan Rum da manoma ke tsinta a gonaki. A zamanin nan kuwa an tsara fannin a manyan kundaye, kamar kundin sulallan sarakunan Rum da Mattingly da Sydenham suka fara fitarwa a 1923, da na Crawford kan sulallan zamanin jamhuriyya a 1974. A ɓangaren Larabci, Anastas al-Karmali ya tattara rubuce-rubucen magabata a kan kuɗi a littafinsa Annuƙudul Arabiyya wa Ilmun Nummiyyat a 1939.

Masanan fannin suna duban abubuwa huɗu a jikin sule: hoto, da rubutu, da nauyi, da ƙarfe. Hoto yana ba da labarin siyasa. Akwai dinariyus na shekara ta 58 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) da ke nuna Harisa, sarkin Larabawan Nabaɗawa, durƙushe kusa da raƙumi. Akwai kuma na sarki Tarajan da ke ɗauke da raƙumi don tunawa da shigar da ƙasar Nabaɗawa cikin daular a shekara ta 106. Rubutu kuwa shi ne ke ba da shekara. Rumawa ba sa rubuta shekarar bugu kai tsaye, sai dai su jera muƙaman sarki a taƙaice, kamar COS da TR P, tare da adadin sau nawa ya riƙe kowanne, kuma daga wannan adadi ake fitar da shekarar. Nauyi da ƙarfe su ne ke tona algus, domin tun a wancan zamani akwai masu lulluɓe jan ƙarfe da fallen azurfa su shigar da shi kasuwa.

Akwai abu na biyar da ya fi waɗannan saurin salwanta, wato wurin da aka sami sulen da abin da aka same shi tare da shi. A kabarin Tin Hinan da ke Abalessa a kudancin Aljeriya, wanda aka tona a 1925, an sami fallen zinari mai ɗauke da tambarin sulen Ƙusɗanɗin, kuma wannan tambari ya taimaka wajen sanin cewa ba a rufe kabarin kafin ƙarni na 4 ba. Da an raba fallen da kabarinsa, da shaidar ta tafi.

4.0 Dinari da Dirhami a Musulunci

A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) mutanen Makka da Madina ba su da gidan buga kuɗi. Dinarin zinari daga Rumawa yake zuwa, da hoton Hiraƙla ko na waɗanda suka gabace shi, dirhamin azurfa kuma daga Farisa, da hoton Kisra. Ita ma kalmar dirhami asalinta daga sunan sulen azurfar Girkawa ne, wato darakma. Balazuri ya bayyana a Futuhul Buldan cewa Ƙuraishawa awon waɗannan kuɗi suke yi, domin dirhaman sun sha bamban da juna a nauyi. Wannan ne ya sa nassin zakkar azurfa ya zo da awo, wato uƙiya biyar, kowace uƙiya dirhami 40, jimla dirhami 200.

Mawardi ya kawo a Al'ahkamus Sulɗaniyya cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya duba dirhamin bagali mai daniƙi takwas da na ɗabari mai daniƙi huɗu, ya ɗauki tsaka-tsakinsu, wato daniƙi shida. A kan haka aka daidaita cewa dirhami goma suna daidai da misƙali bakwai. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya kammala aikin, inda ya fitar da dinari marar hoto, mai ɗauke da kalmar tauhidi, a shekara ta 77 Hijiriyya, dirhami kuma ya biyo baya jim kaɗan. Ibn Khaldun a Muƙaddima da Maƙrizi a Shuzurul Uƙud duk sun yi bayanin wannan gyara.

Malaman Malikiyya sun kiyaye waɗannan ma'aunai da ƙwayar sha'ir matsakaiciya: dinari ƙwaya 72, dirhami ƙwaya 50 da biyu bisa biyar. To amma ƙwayar sha'ir tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Da malaman wannan zamani suka nemi mayar da nisabi zuwa giram, sai da yawansu suka koma ga dinaran Abdulmalik da ke ajiye a gidajen tarihi, waɗanda aka auna aka sami nauyinsu a kan giram 4.25. Wannan hanya ce Shaihu Yusuf Alƙardawi ya rinjayar a Fiƙhuz Zakat. Daga nan aka fitar da dirhami a kan giram 2.975, nisabin zinari giram 85, na azurfa kuma giram 595. Ke nan alƙaluman da kwamitocin zakka ke shelantawa a yau sun dogara ne a kan sulallan da wasu suka tara, suka adana, suka auna.

5.0 Sulallan Azurfa a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ta kasance ƙarƙashin Barno, ba ta kuma shiga daular Sakkwato ba. Zamanta a kan hanyar Kano zuwa Kukawa ya sa kuɗin ɓangarorin biyu suka riƙa haɗuwa a kasuwarta. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851, a ƙarshen zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa. A Kano ya tarar ana canza babban sulen azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A Kukawa kuwa ya ga cewa mai riƙe da sulen azurfa, in yana son hatsi daga hannun manomi, sai ya fara canza shi da wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya musanya rigar da hatsi.

Sulen da ya fi shahara a wannan ciniki shi ne liyari, mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wanda ya riƙa shigowa ta hanyar Tarabulus da Fezzan, da kuma ta hanyar mahajjata ta gabas. Nauyinsa giram 28.07 ne, kuma azurfa tsantsa da ke cikinsa giram 23.39 ce. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma fataken Afirka da na ƙasashen Larabawa sun riƙe wannan siffa, ba sa karɓar wata. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Bombay. Wannan ɗabi'a tana da tamka a tarihin Rum, domin Tasitus ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 1 cewa ƙabilun Jamus sun fi son tsofaffin dinariyus masu tsagaggen baki, waɗanda suka daɗe da sanin ingancinsu. Darasin da ke nan ga mai ajiye da liyari shi ne, shekarar da ke jikinsa ba ta nuna lokacin da aka buga shi. Kama da wane ba ta wane.

Turawan Ingila sun shigar da Gumel ƙarƙashin mulkinsu a 1903, a zamanin Sarki Ahmadu, iyakar da suka shata da Faransawa kuma ta bi ta bakin Maigatari. Daga arewacin iyakar akwai sulen Faransa na faran biyar, mai giram 25, wanda kashi tara cikin goma nasa azurfa ne. Shi aka kira dala, kuma har yau a Nijar da dala ake ƙidayar kuɗi, a kan faran biyar, ko da yake babu sauran azurfa a cikinta. Daga kudancin iyakar kuwa sunan dala ya sauka a kan fataka, wato sule biyu. Duk wanda ya saurari ciniki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ji wannan suna yana yawo, kamar yadda sunan dinariyus ya rayu bayan ƙarfensa.

Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da fataka da sule da sisi da taro na azurfa a 1913. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 92.5 ce cikin ɗari. Daga 1920 aka koma buga su da wani gaurayayyen jan ƙarfe mai launin rawaya. Su ma sulallan Ingila kanta, waɗanda suka yi yawo a nan, an rage azurfarsu zuwa rabi a 1920, aka kuma cire ta gaba ɗaya a 1947. Abin da ya ɗauki Rumawa kimanin shekara ɗari biyu, ya faru a nan cikin rayuwar mutum ɗaya. Shi ya sa mata da maƙeran fari suka riƙe tsofaffin sulalla, wasu aka huda su aka yi abin wuya, wasu aka narkar aka ƙera awarwaro da zobba, wasu kuma aka binne su a tukwane.

6.0 Hukunce-hukuncen da Suka Rataya a Kan Sanin Sule

Na farko, zakka. Shaihu Halil ya bayyana a Mukhtasar cewa kuɗin da aka surka, idan suna tafiya a kasuwa kamar cikakku, ana fitar musu da zakka kamar cikakku. Idan kuwa ba haka ba, sai a lissafa tsantsar da ke ciki. Liyari da sulen azurfa sun daina zama kuɗin ciniki, don haka tsantsar ce abin lura. Idan aka raba giram 595 da 23.39, za a ga nisabi yana cika ne da liyari 26. Wanda ya ɗora liyari a kan sikeli ya manta da surkin da ke ciki zai ɗora zakka a kan mai liyari 22, alhali ba ta wajaba a kansa ba. Sulen 1913 zuwa 1919 yana da kimanin giram 5.23 na tsantsar azurfa, ke nan nisabi sule 114 ne ko fataka 57. Riyalin azurfa na Saudiyya wanda aka fara bugawa a 1354 Hijiriyya, da mahajjata suka riƙa dawowa da shi, nisabinsa 56 ne. Sulallan rawaya na bayan 1920 kuwa ba sa shiga wannan babi sam. Haka nan a mazhabar Malikiyya ba a lissafa darajar bugu ko ta ƙira wajen cika nisabi, kuma adon da mace ke sawa ba shi da zakka, saɓanin wanda aka ajiye don jiran ranar buƙata.

Na biyu, rikazi da tsintuwa. Binnanniyar dukiyar mutanen Jahiliyya rikazi ce, ana fitar da humusi daga cikinta. Wadda Musulmi ya binne kuwa tsintuwa ce, ana cigiyar mai ita ko magadansa. Malaman fiƙihu sun ce ana rarrabewa ne da alamar da ke jikin kuɗin, kamar hoton gunki ko gicciye a ɓangare ɗaya, da kalmar shahada ko sunan halifa a ɗaya ɓangaren. A nan akwai wurin zamewa. Idan manomi a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya haƙo tukunyar liyari a tsohon kufai, hoton sarauniyar Turawa da ke jiki zai iya sa a zaci rikazi ne. Amma tarihi ya nuna cewa ba a buga liyari mai shekarar 1780 kafin wannan shekara ba, kuma Musulmi ne suka fi mu'amala da shi a wannan yanki, don haka rinjayen zato shi ne dukiyar Musulmi ce mai magada.

Na uku, musaya. Azurfa da azurfa ba sa halatta sai daidai wa daida, kuma hannu da hannu. Tsufan sule ko ƙarancinsa ba ya fitar da shi daga wannan hukunci, don haka ba a ba maƙeri liyari a karɓi awarwaron azurfa da ya fi shi ko ya gaza shi nauyi. Sayensa da kuɗin takarda ya halatta a kan farashin da aka daidaita, da sharaɗin karɓa a majalisi ɗaya, bisa matsayar Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta 1986, wadda ta ba kuɗin takarda hukuncin zinari da azurfa. Sayar da liyarin jabu, ko cewa an buga shi a 1780 don a ƙara masa kuɗi, algus ne da Shari'a ta hana.

Na huɗu, mafi ƙarancin sadaki, wanda Malikiyya suka tsayar a kan rubu'in dinari ko dirhami uku. Dirhami uku giram 8.925 ne na azurfa, ke nan fataka ɗaya ta 1913, mai kimanin giram 10.46, ta wadatar a zamaninta. Wannan awo yana taimaka wa mai nazarin tsofaffin takardun kotunan alƙalai ya fahimci adadin da ke cikinsu.

7.0 Kammalawa

Tarihin dinariyus ya nuna yadda masu mulki ke riƙe sunan kuɗi su janye abin da ke cikinsa. Shari'a ta tsare haƙƙin matalauci da na mai dukiya daga wannan sauyi, ta hanyar rataya hukunci a kan awo da tsantsar ƙarfe. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sa'idu ɗan Musayyib ya ƙidaya yanke kuɗin zinari da azurfa a cikin ɓarna a bayan ƙasa, abin da ke nuna girman amanar sule a wurin magabata.

Sulallan da suka rage a gidajen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna raguwa, domin duk lokacin da aka raba gado ko azurfa ta yi tsada, wasu na ƙarewa a maƙera. Mai dukiya yana da ikon sayar da abinsa. Abin da ya kamata sassan nazarin addinin Musulunci da na tarihi su yi shi ne su tanadi rajista, inda za a ɗauki hoton fuska da bayan kowane sule, a auna shi da sikeli mai nuna ɗigon giram, a rubuta garin da aka same shi da hanyar da ya shigo gidan, ba tare da an goge shi ko an kankare shi ba. Abin da aka haƙo daga ƙasa kuwa a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa kula da kayan tarihi, kuma Gidan Makama da ke Kano na ƙarƙashinta. Haka kuma ya dace ɗalibin da ke karatun babin zakka a Risala ko Mukhtasar ya riƙe liyari da sulen azurfa a hannunsa, ya auna su, ya fitar da nisabinsu da kansa kafin ya zauna a kujerar fatawa. Allah shi ne Mafi sani.